Ungulu Ba Ta Koma Gidanta na Tsamiya Ba

Kwana uku bayan Babbar Sallar da ta wuce, ina zaune a zaure da hantsi, warin da ke tasowa daga jujin bayan layinmu ya hana ni ƙarasa kokon da ke gabana. Duk mazaunin unguwar nan ya san abin da nake nufi. Kowane gida ya yi layya, an feɗe, an wanke kayan ciki, an kwashi toroso da guntayen fata da ƙasusuwa an je an jibge wuri ɗaya. Rana ta buga, ruwan sama ya sauka a kai, ƙudaje suka yi sansani, da dare kuma karnukan da ba su da ubangida suka yi ta faɗa har kiran assalatu.

Ina cikin wannan hali sai ga jikata, 'yar aji biyar, ta fito da littafinta a hannu. Malaminsu ya ba su aikin hutu, su rubuto karin magana goma da ma'anarsu. Ta samu tara wajen kakarta, saura ɗaya.

"Angona, ba ni ɗaya in cike," in ji ta.

Na ce, "Amarya, rubuta: ungulu ba ki jewar banza."

Ta rubuta, sannan ta ɗago kai. "Kaka, ita ungulun mece ce? Irin shirwa ce?"

Na yi dariya, na zaci tsokanar da muka saba ce. Da na dubi fuskarta sai na ga da gaske take. Yarinyar nan a Minna aka haife ta, jinin mahauta ce gaba da baya, amma ba ta taɓa ɗora ido a kan ungulu ba. Sai da yayanta ya nemo hoto a waya ya nuna mata. Ta yatsine fuska ta ce, "Kai, mummuna ce!" Ni kuwa jikina ya yi sanyi, don ina da hannu a cikin dalilin da ya sa sai a waya za ta gan ta. Shekara talatin ke nan ban gaya wa kowa wannan magana ba. Yau zan faɗa, amma bari in fara daga farko.

Mu nan Minna baƙi ne da muka zama 'yan gida. Ƙasar Gwari ce, kowa ya sani, jirgin ƙasa ne ya jawo kakanninmu. Da Turawa suka shimfiɗa layin dogo daga Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, daga baya kuma layin Legas ya biyo ta Jebba da Zungeru ya haɗe da shi a nan, sai tasha ta zama gari. 'Yan ƙwadago suka zo, fatake suka biyo su, malamai suka biyo fatake, aka kafa su Kwangila da Limawa. Inda mutane suka taru kuwa dole a ci nama. Kakana ya taso daga ƙasar Zazzau da wuƙarsa da gatarinsa ya kafa teburin fawa, mahaifina ya gada. Ni ne na fara karkacewa, na yi boko na zama malamin dabbobi. Amma ko aikin gwamnatin bai raba ni da kwata ba, don fiye da shekara ashirin ni ke duba nama kafin a kai kasuwa.

Baba yakan ce kakanmu bai zo shi kaɗai ba, da ungulu suka zo. A da na ɗauka raha ce, daga baya na gane akwai gaskiya a ciki. Ungulun da muka sani, ƙarama, mai siririn baki da gashi-gashi a ƙeya kamar ta sa hula, a Afirka ta Yamma ba ta son nisa da mutane. Inda aka kafa kasuwa da mayanka, nan take kafa nata zangon. Daga Dakar zuwa Kumasi, daga Kano zuwa Maraɗi, duk garin da ka ji kiɗan kalangu da safe, ɗaga kai za ka gan ta a kan rufi.

Ina yaro, cikin shekarun 1970, kafin Minna ta zama babban birnin jiha a 1976 da kuma bayan nan, Baba kan tashe ni bayan asuba in riƙe masa fitila. Kafin gari ya waye sosai sun riga sun jeru a kan kwanon rumfar, shiru, kamar masu jiran albashi. Ba sa sauka sai an gama fiɗa an fara zubar da abin da ba a so. Sai ka ga ɗaya ta diro, ta yi tafiyar nan tata ta ɗingishi, sauran su biyo. Akwai abin da na lura da shi tun ina yaro: fuskar ungulu fari-fari ce idan tana cikin natsuwa, amma da zarar an fara rububi sai ta rine ta yi ja wur, kamar mutumin da aka ɓata wa rai. Siririn bakin nan nata yana shiga tsakanin haƙarƙari da lungun ƙashin baya, inda wuƙar mahauci ba ta kaiwa. Kafin a gama cinikin safe, dandamalin ya yi fes. Guntun hanji, daskararren jini, jijiya, mahaifa, babu abin da ke kwana.

In sun ƙoshi sai su koma kan rufi su baje fukafukai a rana. Can da hantsi, idan ƙasa ta ɗauki zafi, iska mai ɗumi ta fara tashi sama, sai su hau ta. Ba sa wahalar kaɗa fiffike, zagaye kawai suke yi suna hawa, har su zama ɗige-ɗige a saman Dutsen Paida. Shi ya sa ba ka ganin ungulu na shawagi da sanyin safiya, jira take rana ta yi mata aikin.

Mu yara mukan so mu jefe su. Ranar da Baba ya kama ni da dutse a hannu, murɗe min kunne ya yi. Ya ce, "Kai, wannan ma'aikaciya ce. Ba ta karɓar ko sisi, ba ta yajin aiki, ba ta zuwa a makare. In ka kore ta, kai za ka kwashe?" Ko Sarkin Fawa na lokacin bai yarda a taɓa su ba. Ba wai ana ƙaunarsu ba ne. Ana zaginsu da ƙazanta, in mutum ya yi maka zamba a ce ya yi maka ungulu da kan zabo. Amma kowa ya san amfaninsu, kamar yadda ake raina mai kwasar shara alhali ba a iya kwana biyu ba shi.

A bayan kwatar akwai wani babban rimi, nan suke sheƙa. Da rani, lokacin hunturu, suke ƙwai. Ƙwai ɗaya tak uwa take yi a shekara. Ita da namijin su yi ta karɓa-karɓa wajen kwanci har kusan kwana 50, in an ƙyanƙyashe kuma sai ɗan ya yi wata uku zuwa huɗu kafin ya iya tashi, bayan nan ma iyayen na ci gaba da ciyar da shi. Sheƙa ɗaya suke komawa kowace shekara, su ɗan ƙara kirare. Mai karatu ya riƙe wannan lissafin, zai yi mana amfani nan gaba. Kaza na iya ba ka 'yan tsaki goma a zama ɗaya, zabuwa fiye da haka, ungulu kuwa ɗa ɗaya a shekara, in ya rayu.

Akwai kuma manyan, waɗanda ba sa shiga gari. Su nakan gani in na bi Baba sayen shanu wajen Mariga ko Kuta. In saniya ta faɗi a burtali, cikin ɗan lokaci sai ka ga mikiya ta sauko, wata ta biyo, kafin ka ankara sun rufe mushen. Mutane kan ce wai mafarki suke yi da inda mushe yake. Ba mafarki ba ne, ido ne da kuma lura da juna. Kowacce na shawagi a nata yankin, tana kallon ƙasa tana kuma kallon 'yar uwarta da ke can nesa. Da ɗaya ta karya ta yi ƙasa, ta kusa da ita ta gani ta bi, ta gaba ma ta gani ta bi, labari ya bazu a sama kamar yadda yake bazuwa a kasuwa. Manyan ne ke farke fata da ƙarfin baki, su ci tsoka, sannan tamu ƙaramar ta zo ta tsince abin da ya saura a jikin ƙashi. Irin nisan da suke yi a sama kuwa ya wuce tunani. A watan Nuwamba na 1973 wani jirgin sama ya yi karo da irin wannan mikiyar a saman Abijan, a tsayin mita 11,300. Dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya bai kai mita 9,000 ba.

Sai da na shiga makarantar aikin dabbobi na fahimci abin da Baba ya sani ba tare da littafi ba. Ruwan cikin ungulu yana da tsami mai tsanani, kusan kamar ruwan batir. Ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe, waɗanda za su kashe kare ko mutum, mafi yawansu a cikinta suke ƙarewa. Sanƙon da muke yi wa dariya kuwa, shi ke sa ta iya cusa kai cikin gawa ta fito ba tare da ƙazanta ta maƙale a gashi ba. Na kuma karanta cewa tana da dangi a kusan ko'ina, kowacce da dabararta. A duwatsun Habasha akwai mai gemu, wadda mafi yawan abincinta ƙashi ne. In ƙashin ya fi ƙarfin haɗiya sai ta ɗauke shi sama ta sako a kan fa, ya fashe, ta sauko ta ci. Akwai fara mai rawayar fuska da ke ɗaukar dutse da baki ta yi ta jifar ƙwan jimina har ya fashe. Akwai ungulun kwakwa a kurmi da bakin koguna, wadda ta fi son 'ya'yan kwakwar manja a kan nama. Ta Amurka mai jan kai kuma da hanci take farauta, tana jin warin mushe ko da ganye ya rufe shi. Duk wannan na sani, na ci jarrabawa a kai. Shi ya sa abin da na yi daga baya ba ni da uzurin jahilci.

Wajen 1994 ne, lokacin da kaya suka yi tsada, albashi ba ya kai tsakiyar wata, ga iyali. Wata safiya cikin hunturu wani mutum ya same ni a bakin kwata. Kada wani ya ce baƙo ne daga wata ƙabila. Namu ne, da Hausarsa tsaf, da carbi a hannu. Ya gaishe ni da ladabi, "Ranka ya daɗe, Malam, an tashi lafiya?" Ya ce yana neman ungulu don magani, ba zai dame mu ba, bayan an watse zai yi aikinsa. Abin da yake so kawai in kau da kai. Ya damƙa min naira 200 ya ce in sayi goro.

Na san abin da ake yi da su. Kai da ƙafafu da gashi ake busarwa a kai kasuwannin magani, daga Kano har Ibadan da Kwatano. Wai kan ungulu na sa mutum ya hango abin da ke tafe, ya ci kasuwa, ya ci shari'a, ya ci zaɓe, wai yana maganin farfaɗiya da taɓin hankali. Na kuma san babu ko ɗaya a ciki. Tsuntsuwar da aka ce tana ganin gaibu, ga ta za ta ci guba a gaban idona ba ta sani ba. Amma na ce a raina, ungulu ai ba ta ƙarewa, in ya ɗebi goma gobe ashirin za su zo. Na sa kuɗin a aljihu na shiga ofis na rufe ƙofa.

Da na fito da azahar, na tarar da shi yana ɗaure bakin buhu na biyu. Wani gari ya barbaɗa a kan kayan ciki. Waɗanda ba su gama mutuwa ba suna ta tangaɗi kamar masu maye, fukafukai na jan ƙasa, yaronsa na bin su da sanda. Ɗaya ta yi ƙoƙarin tashi ta faɗo kusa da ƙafata. Fuskarta ba ta yi ja ba, fari fat ta yi. Na juya na tafi masallaci.

Magana ba ta ɓuya a cikin mahauta. Kafin magariba ta kai kunnen Baba, lokacin ya tsufa ya daina fita. Ya aika aka kira ni. Na durƙusa na gaishe shi, bai amsa da sakin fuska ba.

Ya ce, "Malam." In ya kira ni Malam to akwai magana. "Nawa suka ba ka?"

Na ce, "Ɗari biyu ne, Baba."

Ya ce, "To madalla. Gobe da safe ka aiki ɗari biyun nan ta share maka kwata."

Bai ƙara ko kalma ba, har ya rasu bai sake tayar da zancen ba. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Bayan kwana biyu aka fara jin wani siririn kuka daga kan rimin nan. 'Ya'yan da ke sheƙa ne, iyaye ba su dawo ba. Kwana huɗu ko biyar ana ji, daga nan aka daina. Yara suka tsinci ɗaya a gindin bishiyar, ko gashin kirki bai gama fitowa ba. A ranar na tuna lissafin ƙwai ɗaya a shekara. Abin da mutumin ya tafi da shi ya fi buhu biyu, ya haɗa da na baɗi da na baɗin baɗaɗa.

Ya dawo bayan wata biyu, na kore shi. Amma ya riga ya ga hanya, kuma ba ni kaɗai ke da aljihu ba. Wasu ma suka zo. Ungulayen da suka saura suka fara tsoron mutane, suka daina sauka sai an watse. Daga jeri guda a kan rufi suka koma 'yan ƙalilan, daga nan sai a yi mako ba a ga ko ɗaya ba. Ba zan iya cewa ga ranar da na ga ta ƙarshe ba, don ban san ita ce ta ƙarshe ba.

Ba ina cewa naira 200 tawa ce ta ƙarar da ungulayen Minna ba. Abubuwa da yawa ne suka haɗu. Rimin nan an sare shi an yi shaguna a wurin. Maɗatai da kukoki da giginyun da suke sheƙa a kai sun tafi wajen masu katako da masu gawayi. A daji kuma abincin manyan ya ragu. Gandun Kainji, da ɓangarorinsa biyu na Borgu da Zugurma, a da ya cika da ɓauna da gwanki da kanki, zaki na kashewa, mikiya na gamawa. Wani bincike da aka fitar a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, na Nijeriya kuwa ba su kai 50 ba, a Kainji da Yankari kaɗai. Ga kuma gubar da ake sa wa mushe don a kashe kura ko dila, wadda ungulu ke riga su ci. A 2015 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sa ungulunmu ta gida a sahun waɗanda ke dab da ƙarewa. Tsuntsuwar da muke kora da tsintsiya!

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A 2020 an kashe fiye da ungulaye 2,000 da guba a Gini Bisau, da yawa an same su ba kai. A watan Yuni na 2019 a Botswana, ɓarayin haure suka sa guba a gawar giwaye uku, tsuntsaye irin waɗannan 537 suka mutu a wuri ɗaya, saboda shawaginsu na tona wa ɓarayin asiri wajen masu gadin daji. Wanda ya fi ba ni kunya shi ne na wata farar ungulu da masana suka ɗaura wa na'ura a ƙasar Girka don su bi tafiyarta. Ta tsallake teku, ta ratsa Sahara, ta iso Jamhuriyar Nijar lafiya. A 2014 maharbi ya kashe ta a can don a kawo kasuwar magani a Nijeriya. Hamada ba ta ci ta ba, mu muka ci ta.

To, wani zai ce, mummunar tsuntsuwa ta tafi, sai me? Amsar tana Indiya. Indiyawa da yawa ba sa cin naman shanu, in saniya ta mutu sai a feɗe fata a bar wa ungulaye sauran, kuma suna da su miliyoyi. Cikin shekarun 1990 sai suka fara faɗowa matattu, ba a san dalili ba. Sai a 2004 aka tabbatar da cewa maganin ciwon jiki ne da ake yi wa shanu allura da shi, diclofenac. In dabba ta mutu da shi a jikinta, ungulun da ta ci sai ƙodarta ta lalace cikin 'yan kwanaki. An hana amfani da shi ga dabbobi a Indiya da Pakistan da Nepal a 2006, amma an makara. Wani jinsin, tsakanin 1992 da 2007, cikin kowace 1,000 ɗaya ce ta rage. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili da bakin ruwa, karnukan sake suka samu abinci suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓace. Wasu masana tattalin arziki biyu suka zauna suka yi lissafi, suka fitar a 2024 cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kimanin 500,000 a Indiya tsakanin 2000 da 2005. Wannan magani kuwa, duk wanda ya taɓa shiga kantin magani a garin nan ya san sunansa.

Ba mu kai Indiya ba, Allah kada ya kai mu. Amma wa ya gaji aikin ungulu a unguwarmu? Shirwa na sura ta gudu, hankaka na tsattsaga, ba sa gamawa. Kare da ɓera da ƙuda ne suka gaje ta. Bambancin kuwa babba ne. Ungulu ta ci ta tashi sama, ba ta cizo, ba ta shiga ɗaki. Kare ya ci mushe ya zo ya kwanta inda yaranmu ke wasa, ɓera ya shiga rumbu, ƙuda ya tashi daga juji ya sauka a kan tsire. A watan Yuli na 2023 aka tabbatar da ɓullar cutar antaraks, wadda mahauta ke kira ciwon saifa, a wata gonar dabbobi a ƙaramar hukumar Suleja, cikin jiharmu. Ban ce rashin ungulu ne ya kawo ta ba. Abin da na sani a aikina shi ne, duk tsawon lokacin da mushe ya yi a fili, ƙofar cuta a buɗe take, kuma wadda ke rufe mana ƙofar nan da wuri ba ta nan.

Ana iya dawo da ita? An yi a wasu wurare. A Kalifoniya ta Amurka akwai wata ƙatuwar 'yar uwarta mai faɗin fukafukai kusan mita 3. A 1987 guda 27 kacal suka rage a duniya. Aka kame su duka aka yi ta kiwo, aka fara sakinsu a 1992, yau sun haura 500. A Nepal, mutanen ƙauye ne suka ware fili suna ajiye mushen shanun da ba a yi wa allurar nan ba, ungulaye suka fara dawowa. A nan gida, ƙungiyar kare muhalli ta NCF ta daɗe tana zama da masu maganin gargajiya don su koma ga itatuwa su bar sassan ungulu. Asabar ta farko a watan Satumba ma an ware ta a duniya don tunawa da tsuntsuwar. Amma da ƙwai ɗaya a shekara, aikin na masu haƙuri ne.

Namu a unguwa bai fi ƙarfinmu ba. Ina roƙon Sarkin Fawa da shugabannin mahauta su maido da tsohuwar doka, duk wanda ya zo kwata neman ungulu a sallame shi tun daga ƙofa. 'Yan uwanmu masu magani, da yawanku abokaina ne, mun sha shayi tare, ku dubi Allah ku bar wannan, sassaƙe da saiwa sun ishe ku. Mai neman sa'a a kasuwa ko a siyasa, ka tambayi kanka, in kan ungulu na hango gobe, me ya hana ta hango buhu? Malamanmu su taɓa zancen a wa'azi, don ya haɗa da zaluntar dabba da kuma dogaro ga abin da ba ya amfani. Masu kiwo da masu sayar da maganin dabbobi, akwai meloxicam, yana aikin da ake so kuma ba ya kashe ungulu. Kada a sa wa mushe guba. Mai babbar bishiya a fili, in ba dole ba a bar ta. Kafin ungulu ta dawo kuma, mu da muka kore ta mu ne za mu kwashe, kamar yadda Baba ya faɗa. Layya mai zuwa kowane layi ya haƙa rami a binne toroso da ƙashi, in an sa rana ni zan fara kawo shebur.

Da yamma ranar, jikata ta dawo ta ce kakarta ta canja shawara, wai ɗaya daga cikin taran nan ba karin magana ba ce, don haka saura ɗaya kuma. Na ba ta ta biyu: ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Na bayyana mata cewa ana faɗin haka in mutum ya koma inda ya fito, ko ya koma halinsa na da.

Ta rubuta, ta ce, "To Kaka, tamu ina ta koma? Yaushe za ka kai ni in gan ta?"

Na ce mata sai hanyar Zugurma ta yi lafiya, don kowa ya san halin da dazuzzukanmu ke ciki yanzu. Ban yi mata alkawarin za mu same ta ba. Sannan na zaunar da ita na ba ta labarin naira 200, ita ce ta fara ji kafin ku. Ta yi shiru, can ta ce, "Angona, ai sai ka biya." Na ce da me? Ta ce ita ma ba ta sani ba.

Wannan rubutu somin biyan ne. Direbobinmu masu bin hanyar Bida da Kontagora da Mokwa, da 'yan tireda masu cin kasuwannin ƙauye, duk wanda ya ga inda ungulu ke sheƙa, kada ya yi shela a tasha. Ya same ni a majalisarmu bayan la'asar ya raɗa min. Ina da amarya da nake son in kai ta gani. Allah ya yafe mana abin da muka yi da sani da wanda muka yi cikin rashin sani, ya ba jiharmu zaman lafiya, amin.